Ba A Koyon Kwamfuta Da Alli Kaɗai

Kwanan baya wani littafin rubutu ya faɗo hannuna, na ɗan wana ne, wanda ke aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar je-ka-ka-dawo ta gwamnati a Jimeta. Littafin darasin kwamfuta ne. Na buɗe, sai ga rubutu tsaf-tsaf, shafi bayan shafi: ma'anar kwamfuta, ire-irenta, tarihinta tun daga Charles Babbage, har da zanen linzaminta wanda malam ya yi a allo, yaron ya kwafa da fensir. Na tambaye shi sau nawa ya zauna a gaban na'urar a makaranta bana. Ya yi shiru yana lissafi, sa'an nan ya ce sau biyu, su shida a kan guda ɗaya, kuma a karo na biyun an ɗauke wuta kafin layi ya zo kansa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na gane rubutun. Kusan kalma da kalma, shi ne na kwafa da hannuna sa'ad da nake ɗalibi, yau shekara ashirin ba kaɗan. Watau duniya ta yi gaba, na'urar ta ƙanƙance har ta shige aljihu, amma darasin yana nan inda muka bar shi.

Kada mai karatu ya zaci maganar sabuwa ce. A shekarar 1987 Ministan Ilmi na Tarayya, marigayi Farfesa Jibril Aminu, wanda ɗan Song ne a nan Adamawa, ya kafa kwamiti don ya tsara yadda za a koyar da ilmin kwamfuta a makarantun ƙasar nan. A 1988 aka fito da manufar ƙasa a kan haka, aka soma gwadawa a kwalejojin Gwamnatin Tarayya. A lokacin ko Jihar Adamawa ba a ƙirƙiro ba, muna cikin Gongola, sai a 1991 aka raba. Ashe ke nan ɗan gida ne ya hango abin tun da sauran nisa, amma yau fiye da shekara talatin da biyar, yaron da ke makarantar gwamnati a babban birnin jiharsa yana zana linzami da fensir.

Manyanmu kuma ba su manta da abin da ya faru da tsarin 6-3-3-4 ba, wanda aka soma a 1982. An sayo injinan koyar da sana'a daga ƙasashen Turai da kuɗi masu ɗimbin yawa, aka rarraba wa makarantu, a wurare da dama suka yi tsatsa a cikin akwatunansu, domin ba ɗakin da za a kafa su, ba wuta, ba malamin da ya san kansu. Tsoron da muke ji shi ne kuskuren nan ne ake maimaitawa. Akan kawo kwamfutoci, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, baƙi su tafi. Daga nan sai ɗakin ya koma wurin da ake buɗewa in manyan baƙi za su zo. Mabuɗi yana aljihun shugaban makaranta, shi kuma ba za a zarge shi sosai ba, domin in na'ura ɗaya ta lalace ko ta ɓace shi za a tuhuma, kuma ba a ba shi ko kwabo na gyara ba. Saboda haka ya ga rufewa ta fi masa kwanciyar rai.

Da can ana iya cewa wannan darasi na ƙawa ne. Yanzu kuwa shi ne ƙofar da kowane yaro zai bi. Hukumar JAMB ta soma jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina amfani da takarda da fensir gaba ɗaya. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, watau daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. To, mai karatu ya auna: yaro ya fito daga Doubeli ko Jambutu, ya san lissafinsa, ya san kimiyyarsa, amma rannan ne zai fara kaɗaicewa da na'ura, hannu na rawa, agogo na tafiya a gefen fuskarta. Kusa da shi ga ɗan makarantar kuɗi wanda tun firamare yake wasa da ita. Ita kanta hukumar ta lura da wannan, shi ya sa ta shirya yadda za a iya amsa tambayoyin da maɓallai takwas kawai ba tare da linzami ba. Wannan rangwame ne, amma kuma shaida ce a kan makarantunmu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2024 hukumar WAEC ta yi jarrabawarta ta farko da kwamfuta ga masu zaman kansu. A 2025 Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026, sai Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta saboda makarantu ba su shirya ba. A cikin wannan shekara ta 2025 kuma aka fito da sabuwar manhaja wadda ta sa fasahar zamani cikin darussan dole na babbar sakandare. A takarda duk wannan daidai ne. Amma sanya darasi a manhaja aikin rana ɗaya ne a Abuja, samar da wanda zai koyar da shi a Yola kuwa aikin shekaru ne.

A ganinmu nan ne gizo ke saƙa, wato wajen malami. Sau da yawa akan dubi malamin lissafi ko na kasuwanci, a ce tun da yana da waya mai kyau, shi ya riƙe kwamfuta. Bawan Allah ba ya iya ƙi, sai ya nemi tsohon littafi ya riƙa kwafa a allo. Alhali kuwa garin nan ba matalaucin masana ba ne. Ga Jami'ar Modibbo Adama a Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha. Ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Jimeta, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga kuma Jami'ar Amurka ta Nijeriya a cikin Yola. Kowace shekara suna yaye matasa masu wannan ilmi, sai dai albashin malanta ba ya riƙe su. Wanda ya iya aikin sosai yakan ga buɗe shagon buga takardu ko neman aiki a Abuja ya fi masa.

Ina so in yi wa alli adalci kaɗan. Akwai sashen ilmin nan da malami gwani zai iya koyarwa ko babu wuta: yadda ake karkasa matsala zuwa matakai, yadda ake ƙirga da sifiri da ɗaya, yadda ake gano inda kuskure ya shiga cikin umurni. Wannan shi ne ainihin kimiyyar, kuma don shi ne Ingila ta sauya manhajarta a 2014, ta rage koyar da sarrafa na'ura kawai ta koma koya wa yara rubuta mata umurni tun suna ƙanana. Amma abin da na gani a littafin ɗan wana hadda ce kawai. Ba tunani, ba kuma aikin hannu.

Wanda ke shakkar ƙwaƙwalwar yaranmu ya leƙa kasuwar Jimeta ya ga samarin da ke kwance waya su ɗaura, waɗansunsu ko sakandare ba su gama ba. Sun iya ne domin abin yana hannunsu daga safe har yamma, kuma akwai maigida a tsaye a kansu.

Maganar wuta kuwa kowa ya san ta. Mutanen Yola ba su manta da duhun da suka sha a 2024 ba, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta Arewa maso Gabas. Janareta kuma, tun bayan janye tallafin mai a 2023, ya fi ƙarfin asusun makaranta. Amma garin da zafin rana ke wuce awo 40 a watan Maris da Afrilu bai kamata ya yi kukan makamashi ba. Na'ura ashirin masu aiki da hasken rana sun fi ɗari da ke jiran a kawo wuta.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jiha da Hukumar Kula da Makarantun Gaba da Firamare su sake ma'aunin da suke auna aikinsu da shi. A daina gaya mana kwamfuta nawa aka saya. A gaya mana awa nawa kowane ɗalibi ya yi a gabanta a zangon karatu. A ajiye rajista a ƙofar ɗakin, kowane aji ya sa hannu, sufeton makarantu in ya zo ya fara da ita, sa'an nan ya zaɓi yara biyar da kansa ya ce su kunna, su rubuta wasiƙa, su adana ta, su sake nemo ta. A ware wa shugaban makaranta kuɗin gyara kowane zango don ya daina jin tsoron mabuɗi. A ɗauki malaman da suka karanta fannin, a ba su alawus na musamman. Kafin a kai ga haka, makarantun da ke da ɗaki mai aiki a Yola da Jimeta su riƙa buɗe shi ran Asabar ga 'yan ajin ƙarshe na makarantun da ke maƙwabtaka da su, a kuma yi shawara da jami'ar da kwalejin ilmi su riƙa turo ɗalibansu masu gwajin koyarwa su tsaya a kansu. Ɗan wana yana da shekara ɗaya da 'yan watanni kafin ya zauna wa JAMB, haka ma sauran biyar ɗin da suka yi layi tare da shi.