Bokitin roba da mesa a watan Agusta

Rubutun wannan makon a kan maciji ne, kuma na san tun kafin a gama karantawa wani zai ce me ya haɗa mu da jin daɗin maciji. A yi haƙuri a karanta tukuna.

Mutanen Gaya ma dai ba a san mu da tausayin maciji ba. A labarin Bayajidda, maƙeran Gaya ne suka ƙera wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ita a Daura. Amma kisa daban, ajiya daban. A ƙasar nan akwai masu ajiye maciji tun da daɗewa, wato gardawa da masu tallar magani a kasuwanni. Yanzu kuma an samu sabon rukuni, samari masu karɓar ƙaramar mesa a hannun mafarauta ko manoman fadama na wajen Ajingi, su ajiye ta saboda bidiyon TikTok. Da su nake magana. Ra'ayina shi ne yawancin macizan da ke mutuwa a hannunsu da damina ba yunwa ke kashe su ba, laima ce, kuma mai macijin ne ya jawo ta da hannunsa.

Ku dubi mazubin. Gardin da can ƙwarya yake amfani da ita, ko kwando, ko akwatin katako mai kafofi. Duk waɗannan suna numfashi. Yaron yau bokitin fenti yake samu, ko babbar roba mai murfi, ya huda ƙofa uku da ƙusa a sama, ya sa kwanon ruwa a ciki, ya tura ƙarƙashin gado. Roba ba ta tsotse ruwa, ba ta kuma barin iska ta ratsa. Ruwan kwano yana tururi, macijin yana numfashi, yana kashi, ga shi yakan shiga kwanon ya kifar da shi. Da safe in ka ɗaga murfi ka ga yana ɗigar da gumi, to dabbar nan a cikin jiƙa ta kwana.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne YouTube. Bature a Amurka ko Ingila zai nuna maka yana fesa wa akwatin macijinsa ruwa kullum. Shi yana da dalili: ɗakinsa na'urar ɗumama ɗaki ta busar da shi ƙayau saboda sanyi. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ake fitarwa da yawa daga Ghana da Togo da Benin zuwa ƙasashensu, masu kiwonta suna neman danshin iska ya tsaya wajen kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, a ɗan ƙara idan za ta yi saɓa. Mu kuwa a Kano, a watan Agusta iskar waje kanta takan wuce kashi 70. Wanda ya kwaikwayi Baturen ya yi feshi a bokitin roba a Gaya cikin marka, ya ƙara ruwa ne a kan ruwa.

Akwai bambancin da ya kamata a gane, domin a nan ake yawan ruɗewa. Iska mai danshi ba ta cutar da mesa sosai. Jiƙaƙƙen ƙasan mazubi shi ne bala'in. Maciji a kan cikinsa yake rayuwa. Idan ya yi kwanaki kwance a kan tsumma mai laima haɗe da kashinsa, ɓawon cikinsa zai fara yin ja ko ruwan ƙasa, sai ƙuraje masu ruwa su fito, su fashe, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Mai shi ba ya gani, don ba ya juya shi ya duba ciki. Na biyu shi ne numfashi. Maciji ba ya iya tari, ba shi da naman da ke raba ƙirji da ciki wanda mu muke tari da shi. Majina in ta taru masa, sai dai ka ga ya ɗaga kai sama, baki a buɗe, yana ɗan fito, kumfa a gefen baki. Wasu suna ɗauka fushi yake yi. Shaƙewa yake yi, kuma a wannan matakin sai likitan dabbobi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A huda mazubi a gefe biyu masu fuskantar juna, wasu kafofin ƙasa-ƙasa, wasu sama-sama, don iska ta shiga ta fita. Kafar murfi kaɗai ba ta isa. A shimfiɗa takarda ko tsohuwar jarida maimakon tsumma ko yashi, a canza ta da zarar ta jiƙe. Kwanon ruwa ya zama mai nauyi wanda ba ya kifewa, kada ya yi faɗi. A ɗaga akwatin daga daɓen ɗaki, musamman ɗakin ƙasa mai tsotsar ruwa, a nisanta shi da bango. In an ga fumfuna a kusurwa, a fitar da komai a wanke a shanya. Amma kada a shanya macijin da kansa cikin roba a rana, 'yan mintoci sun isa su dafa shi.

Da hunturu kuma labarin yana juyewa. A Janairu danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20, saɓa ta maƙale a ido da wutsiya. A lokacin ne ake sa masa ɗan ƙaramin maɓoya mai jiƙaƙƙen ƙyalle a kusurwa ɗaya, ya shiga in yana so, sauran wurin ya zauna a bushe. Mazubi ɗaya, hidima biyu masu karo da juna a shekara guda. Wanda ba zai iya wannan bibiyar ba, me ya kai shi?

Duk abin da na faɗa a kan mesa ne, wadda ba ta da dafi. Kumurci da gamsheƙa da kasa da kububuwa ba abin ajiya a gida ba ne, ko da wane irin akwati. Masu cewa an cire haƙori su sani haƙorin dafi yana sake tsirowa, kuma bakin da aka yi wa wannan aika-aikar shi ne farkon ruɓewa a cikin laima. Macijin da ba shi da lafiya an fi yawan buɗe shi da taɓa shi, a nan ake samun sara. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. Asibitin da ya shahara da wannan aikin yana Kaltungo ne a jihar Gombe, ba a bayan gidanku ba, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana magana a kan ƙarancin maganin dafi da tsadarsa.

Ita ma mesar, dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta taƙaita kama ta da cinikinta, abin da samarin TikTok ba su cika sani ba. Kuma kowa a nan ya san hadisin matar da ta ɗaure kyanwa har ta mutu. Malamai su faɗa mana hukuncin ajiye maciji, wannan fagensu ne. Ni dai abin da na sani, wanda ya rufe murfi a kan mai rai, shi ya ɗauki nauyin iskar da ke ciki.

In kana da ita kuma ka gaji, kada ka sake ta a kwata ko bayan gari inda yara ke kiwo. Ka nemi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko gidan zu na Audu Bako a Kano ka tambayi yadda za a karɓe ta. Kafin nan, yau da dare ka ɗaga murfin ka shafa cikinsa da hannu, ka ga ko ya jiƙe.