A Ƙara 'Yan Sanda, Amma Su Tsare Wa?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, maganar 'yan sanda ce, kuma kar wata ta ce ai wannan zancen maza ne a majalisar ƙofar gida. Wa ke kwana ido biyu in 'yarta tana makarantar kwana? Wa ake tasa ƙeyarta zuwa caji ofis in mai gida ya ci bashi ya gudu? Ai mu ne.

A watan Nuwamba na 2025, bayan an sace 'yan mata 25 a makarantar Maga ta jihar Kebbi, aka kuma kwashi ɗalibai masu ɗimbin yawa a Papiri ta jihar Neja, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a ɗauki sababbin 'yan sanda har 50,000. Nan da nan gari ya ɗauka, wasu har suna cewa kashin ɓarayin daji ya bushe. Ni kam ban yi guɗa ba.

Ba wai na ƙi a ƙara ba ne. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, 'yan sandanta ba su kai 400,000 ba, ko makaho ya laluba ya san sun yi kaɗan. To amma 'yan kaɗan ɗin nan ina suke? A 2018 Mike Okiro, lokacin yana shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda, ya faɗa da bakinsa cewa sama da 150,000 gadin manyan mutane suke yi. Ke ma kin gani da idonki a gidan biki, ƙato da kaki da bindiga yana riƙe wa Hajiya jaka tana liƙi. Haba jama'a! Sau nawa aka ce a janye su? A 2025 ma an sake faɗa. In ba a tsaya a kan maganar ba, sababbin ma can za su ƙare, a ƙofar gidan masu hannu da shuni, ƙauye kuwa sai dai Allah.

Sai shi kansa ɗaukar aikin. A 2019 aka tashi ɗaukar kurata 10,000, Sufeto Janar Mohammed Adamu da hukumar nan suka shiga kokawa a kan wa ke da ikon ɗauka, har kotu, ba a rabu ba sai da Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya a 2023. Shekara huɗu ke nan fa manya suna jan igiya, ana kashe mutane a daji.

Kuma an ɗauki yaro, a ina za a horar da shi? A 2013 gidan talbijin na Channels ya nuna halin da kwalejin 'yan sanda ta Ikeja ke ciki, ɗakunan kwana sun lalace, abinci ba ya isa, har sai da Shugaba Jonathan ya je da ƙafarsa ya gani. Yaron da aka horar da yunwa da wulaƙanci, aka miƙa masa bindiga, me kike zaton zai yi a bakin titi? A 2019 an kafa asusu na musamman don kayan aiki da jin daɗin 'yan sanda, amma har yau ki kai ƙara a ce ki kawo kuɗin mai, wani wurin har takarda da biro ke za ki saya. An rubuta beli kyauta ne a bango, ki gwada ki gani.

Ku shiga bariki ku ga matansu, 'yan uwanmu ne. Ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar, rufi yana yoyo, miji ya fita da asuba ba ta san ko zai dawo ba. In ya tsufa kuma ga abin da ke jiransa, tunda a 2025 tsofaffin 'yan sanda sai da suka fito zanga-zanga a Abuja saboda fanshonsu. Wallahi ni ba na kare mai karɓar na goro, amma ban ga yadda za a ƙara baki 50,000 a tukunyar da ba ta ƙosar da na farko ba.

Wani abin kuma da ya fi damuna, mata nawa ne a ciki? Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba za ta buɗe baki ta faɗa wa namiji a kanta, gaban mutane ba. Mu kuma nan Arewa in budurwa ta ce za ta shiga aikin, sai dangi su taru a ce ta lalace. To wa zai saurari 'ya'yanmu? Kuma ki sani, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, don haka ba mai ikon tsare ki saboda laifin mijinki ko ɗanki. In kurtun bai sani ba, ba a koya masa ba ne.

Ni dai abin da nake so a fito a gaya mana a rediyo shi ne, cikin 50,000 ɗin nan nawa za a tura Danko-Wasagu, nawa Zurmi, nawa Birnin Gwari, da mota nawa, kuma wa zai zuba mata mai.