Ayari ba ya rabuwa: magana ga masu kama hanyar arewa



Duk wanda ya san mararrabar Tsarnawa ya san nan ne hanya ke rabuwa biyu. Guda ta miƙe gabas, Malbaza, Galmi, Madawa har Maraɗi. Guda ta karkata arewa, Badagishiri, Tawa, Abalak, Agadas. Wagga ta arewa ita ce ke kwashe mana samari kowace shekara in an gama girbi. Daga Ƙonni, daga Illela, daga ƙauyukan Malbaza, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu wajen zinariya, tun da anka gano ta a Jado cikin 2014. Biɗa ba laifi ba ce, da ita anka gina gidaje da yawa cikin Adar. Amma in an wuce Agadas an nufi Dirku kwalta ta ƙare, sai rairayi da sawun taya. A nan ne muke son mu yi magana, don abin da ke kashe mutanenmu cikin hamada sau da yawa ba girman hamadar ba ne. Karya dokar ayari ne.

Mu tuna watan Oktoba na 2013. Motoci biyu sunka tashi daga Arlit cike da mutane, za su Tamanrasat. Guda ta lalace. Sai anka sauke mutanen da ke cikin ta biyu, ta juya neman kayan gyara, ba ta komo musu ba. Mutane sunka jira, ruwa ya ƙare, sunka watsu neman rijiya. Gawa 92 anka tsinta: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Ƙasa ta yi makoki na kwana ukku. Cikin 2017 kuma mutum 44 sunka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mace, mutum shidda kaɗai sunka kai ga gari da ƙafa. Ku dubi labaran nan biyu da kyau. Mota ta lalace, wannan kowace mota na yi. Abin da ya mai da lalacewar mota makabarta shi ne babu wata motar da ta tsaya tare da su, babu ruwan ajiya, kuma babu wanda ke jiran isarsu a ranar da ya kamata balle ya tada ƙararrawa da wuri.

Kakanninmu ba su da Hilux, amma sun san wannan. Ayarin fatake na da madugu, uban tafiya, shi ke faɗin inda za a kwana da inda za a sha. Akwai jagaba a gaba, akwai mai tsaron baya. Har gobe ayarin gishiri na Buzaye na ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da ɗaruruwan raƙuma, kuma tafiyar kowa na daidaita ne da ta raƙumin da ya fi rauni. Addini ma ya koya mana in mutum ukku za su yi tafiya su naɗa guda shugaba. Yau fa? Motoci biyar su tashi tare, kowane sofer madugun kansa ne. Mai sabuwar mota ya taka ya ɓace cikin ƙura, mai tsohuwa ya zama abincin rana. Wannan ba ayari ba ne, tsere ne.

Dokar farko mai sauƙi ce: kowane sofer shi ke da alhakin motar da ke bayansa, ba wadda ke gabansa ba. In ka duba madubi ba ka ga ƙurarta ba da rana, ko fitilarta da dare, ka tsaya. In kowa ya yi haka, ayari duka zai tsaya da kansa har na gaba. Ba a wuce jagaba. Ba a manne wa mota cikin ƙurarta, don wanda bai ganin ƙasa bai ganin rami. Duk inda anka yi zango, a ƙirga mutane kamin a tashi. Mutum ashirin da ƴan kai ne ake lodawa bayan Hilux guda, ƙafafu waje, kowa riƙe da sandar da anka kafa tsakanin kaya. Wanda barci ya kwashe ya faɗi da dare, in ba a ƙirga ba, sai gari ya waye a sani.

Doka ta biyu: ba a barin mutane ba mota ba ruwa. In dole ne wata mota ta koma neman kayan gyara, to ta bar jarkunan ruwanta, ta bar wanda ya san hanya, a kuma aje rana da sa'ar komowa. Su ko waɗanda anka bari, su zauna wurin motar. Su yi inuwa da tampol ko tabarma, su rage motsi da rana, su raba ruwa da awo. Mai nema zai hangi mota daga nesa, ba zai hangi mutum guda da ke tafiya tsakanin tuddan rairayi ba. Cikin zafin bazara, mutum in babu ruwa da wuya ya wuce kwana biyu ko ukku. Buzaye na cewa aman iman, ruwa shi ne rai. Saboda haka ruwan tafiya ba na kwanakin tafiya kaɗai ba ne, sai an ƙara na kwanakin da ba a yi shirinsu ba. Mai motar da ya sauke jarkar ruwa don ya ƙara fasinja guda, wallahi ran mutane ya sayar.

Sai kayan aiki. Taya biyu ta ajiya, shebur, faifan ƙarfe na fidda mota in ta kafe, famfon iska don a rage wa taya iska cikin rairayi a mayar in an hau tsandauri, igiyar ja, man ajiya, da waya irin Thuraya mai aiki da tauraron ɗan adam, don salula ba ta da amfani can. Ba kowace mota za ta iya mallakar Thuraya ba, amma ayarin da babu ko guda cikinsa bai kamata ya tashi ba.

Akwai kuma ladabi, don hamada ba kango ba ce, gidan mutane ce. Rijiyar da kunka tarar, makiyaya ne ke gyaranta. A yi sallama, a jira layi, kar a wanke inji bakin rijiya, kar a zuba baƙin mai kusa da ita. Kar a ratsa zangon mutane ko garken dabbobi da gudu. In kun ga mota tsaye, ko ba ayarinku ba ce, ku tambayi lafiya. Itaciyar Tenere ta yi shekaru aru-aru ita kaɗai tsakar rairayi, ayari bayan ayari na wucewa ba wanda ya karya mata reshe, sai cikin 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai yanzu. Abin da raƙuma dubbai sunka kiyaye, ganganci guda ya kayar.

Mun san abin da soferori za su ce. Za su ce tsayawa cikin daji kiran ƴan fashi ne, gudu shi ne tsira. Za su ce tun da anka kafa dokar 2015-36 mai hana safarar baƙin haure anka riƙa kama su ana ƙwace motoci, dole sunka bar hanyar rijiyoyi sunka bi ɓarauniyar hanya. Akwai gaskiya cikin wannan, kuma wannan zamanin ya ci rayuka da yawa. Amma an soke dokar nan cikin watan Nuwamba na 2023. Kuma tsoron ƴan fashi hujja ce ta haɗuwa, ba ta rabuwa ba. Don haka ne ma ake haɗa motoci su tashi daga Agadas zuwa Dirku da rakiyar sojoji. Wanda ya ƙi jiran ayari don ya riga kowa kai kaya, shi ya san sauri ke haifar nawa.

Wasu kuma za su ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Mun yarda da ƙaddara. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Ba a loda mutane cikin mota mai tsiyayar ruwan inji sannan a ce Allah ya kiyaye.

To mu da ke gida fa? Baba, inna, in yaronku ya zo neman albarka, ku ba shi albarka ku haɗa da tambaya. Motar wa zai shiga? Motoci nawa za su tashi tare? Wace rana za su bar Agadas, wace rana ya kamata ya kira? Lambar wa za a nema in an ji shiru? A rubuta a aje. In rana ta wuce da kwana guda, a fara buga waya, a sanar da jandarma da ƴan tasha, kar a jira sati. Ƴan gari guda su tafi tare, su naɗa babba cikinsu, su haɗa kuɗi su sayi ruwan ajiya nasu na kansu. Kai kuma malam fasinja, kuɗinka ka biya, kana da ikon duba taya da ƙirga jarkuna kamin ka hau. Kunyar tambaya ba ta kai zafin ƙishirwa ba.

Ga kungiyoyin masu sufuri da hukumomin tasha na Tawa, Agadas da Arlit, abin da muke roƙo bai fi ƙarfinku ba: littafin sunaye na kowace mota, da lambar dangin kowane fasinja, da ƙa'idar cewa mota guda ba ta shiga hamada ita kaɗai. Soferin da anka tabbatar ya bar mutane cikin daji, kar tasha ta sake ba shi lodi, kuma shari'a ta yi aikinta. Limamanmu da hakimanmu su ma su yi wannan magana ran Juma'a da ran kasuwa, tun kamin lokacin tafiya ya zo.

Motoci biyar in sun tashi, biyar ya kamata su isa, ko biyar su tsaya. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido mana su lafiya.