Ba Katafila Ce Za Ta Raya Gonakinmu Ba

Akwai wata magana da ta kama bakin mutanenmu mazauna Kwatano, daga Zango har Agla. Wai ƙasar gida ta mutu, manomi ne ya kashe ta da jahilcinsa, kuma ba mai tashinta sai gwamnati ta turo katafila, ko Turawa su zo da kuɗi a dasa itatuwa miliyan kaza. Dillalan albasar Galmi na faɗinta, 'yan cin rani daga Adar na faɗinta, masu boko ma na faɗinta da Faransanci. Maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma ta daɗe tana jawo mana asara.

Na san abin da ya sa take shiga kunnen mazaunin Agla. Unguwa ce da aka gina a kan fadama, ruwa kuma bai manta da gidansa ba. Kowane watan Yuni sai ya dawo ya zauna a tsakar gida da bakin masallaci. A 2010 ambaliya ta shafi mutum wajen 680,000 a Benin. Wanda ya ga haka, idan ya ga ana gina manyan magudanai na siminti da kuɗin Bankin Duniya da sauran masu ba da rance, dole ya yi hamdala, kuma yana da gaskiya. Kuskuren shi ne a ɗauki darasin unguwa a kai shi gona. Kwatano na samun ruwan sama wajen milimita 1,300 a shekara, damuwarta yadda za ta sallame shi ya tafi teku. Tawa ba ta samun ko sulusin haka a yawancin shekaru, damuwarta yadda za ta riƙe kowane ɗigo a inda ya sauka. Aikin farko na injiniya ne. Na biyu na mai gona ne, da fartanya a hannu, shekara bayan shekara.

Ɗora wa manomi laifi ma ba yau aka fara ba. A 1935 wani Baturen Ingila masanin daji, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa Sahara na gangarowa za ta cinye arewacin Nijeriya, ya kuma ɗora alhakin a kan sassabe da kiwo. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai ga wannan hamada mai tafiya ba. Rahoton kwamitin ya kwanta a kabad, tsoron da Stebbing ya shuka ya ci gaba da tsiro. Daga irin wannan tunani dokokin daji suka samu gindin zama, itace ya zama na gwamnati ko da a tsakiyar gonarka ya fito. Idan ka sari reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To, mai hankali zai bar abin da zai jawo masa tara ya girma a gonarsa? Sai ya tumɓuke shi tun yana tsiro. Doka ce ta share gonaki, aka juya aka ce jahilcin manomi ne.

A duba karkarar Kano. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin suna cikin wurare mafi cunkoso a yankin nan, kuma an daɗe ana noma gona ɗaya kowace damina ba hutu. Da lissafin masu cewa yawan jama'a ke kashe ƙasa daidai ne, da tuni wurin ya koma rairayi. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya bi gonakin tun shekarun 1960 ya tarar da akasin haka. Jakuna na fita da itace zuwa birni, su dawo da mangala cike da taki da toka. Ana ɗaure awaki da damina a tara kashinsu. Ana haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Ɗorawa da kuka da gawo suna nan tsaye, kowanne da mai shi. A Damagaram kuwa har yau ana ba da labarin irin horon da Sarki Tanimun ke yi wa wanda ya sari gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana da taki. Waɗannan mutane ba su jira wani shiri ba.

An kuma gwada katafilar, mun ga ƙarshenta. A farkon shekarun 1960 wani shirin Turai mai suna GERES ya shiga yankin Yatenga na Burkina Faso da manyan injuna, ya ja ganuwoyin ƙasa a fili sama da hekta 100,000 don tare ruwa. Ba a tambayi masu gonakin ba, ba a yi da su ba. Da injuna suka tafi, ba wanda ya gyara ko ɓaraka ɗaya, cikin 'yan shekaru aikin ya rushe. A wannan Yatenga ɗin dai, bayan farin shekarun 1970, wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya ɗauko tsohuwar dabarar haƙa ramukan shuka, ya faɗaɗa su, ya zuba taki a ciki tun da rani. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya sami hanyar nutsewa maimakon ya kwashe ƙasa ya gudu.

A 1989 wani shirin IFAD ya kai wasu manoman Illela ta jihar Tawa zuwa Yatenga su gani da idonsu. Da suka dawo suka tuna cewa ai su ma kakanninsu na yin irin waɗannan ramuka, wato tassa, kuma jera duwatsu a gangare ba baƙon abu ba ne a Adar. Suka shiga fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ciyawa ba ta fita, suna haƙa tassa da rabin wata. Shaidar da ta fi kowane rahoto ita ce kasuwa: fakon da da ko kyauta ba mai so, sai ga shi ana saye ana sayarwa, farashinsa na hawa. Bahaushe ba ya sa kuɗinsa a abin da bai ga amfaninsa ba. Gudummawar shirin da ta fi kowace tasiri ita ce kuɗin motar da ta kai manomi wurin manomi.

Labarin Maraɗi ya fi wannan girma. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara rassa ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. A zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su: sassaben zamani ke nan. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu. Abin ya kankama ne sa'ad da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, kafin dokar daji ta 2004 ta zo ta ƙarfafa masa gwiwa. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna itatuwa wajen miliyan 200 a fili hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 Rinaudo da Sawadogo duka suka sami lambar yabo ta Right Livelihood.

Yanzu a ɗora wannan a kan sikeli da Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti. Wani rahoto na 2020 ya ce an gyara hekta miliyan 4 cikin miliyan 100 da aka yi alkawari. Ƙasashe goma sha ɗaya, da taruka da biliyoyi, ba su kamo abin da talakawan jihohi biyu suka yi da adda da gatari ba.

Wani zai ce, to Keita fa? Gaskiya ne, shirin Keita da Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984 ya yi amfani da injuna, ya datse koramai, ya raya tsaunuka. Haka layukan dogon yaro da CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun karya iska sun ƙara amfanin gona. Ba na musun wannan. Kwazazzabon da ya kai tsayin mutum biyu ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai hukuma. Amma a Keita wa ya ɗauki duwatsun a ka? Matan ƙauyuka ne. Kuma kuɗin da aka kashe a wannan yanki guda, wace gwamnati ce za ta iya kashe irinsa a kowace gunduma? Abin da za a iya yi ko'ina shi ne wanda maƙwabci zai leƙa ta kan shinge ya kwaikwaya.

Me ya sa to aka fi son labarin katafila? Domin akwai kwangila a cikinsa. Ana yanka kintinkiri a bakin madatsa, ana ɗaukar hoton babban mutum yana dasa itace da sabon shebur. Ramin tassa ba ya ba kowa kashi goma cikin ɗari. Mu kuma da ke nesa labarin ya yi mana daɗi, don ya sauke mana nauyi: tunda aikin na gwamnati ne, kuɗin da muke aikawa gida sai ya tafi kwanon rufi da biki.

Ga abin da nake ganin ya dace. Hukuma ta tabbatar wa manomi, da matar da ta raya fako, cewa gonar da itacen nasu ne, ba wanda zai ƙwace bayan sun yi kyau. Ta ba da motar kwasar duwatsu, ta toshe manyan kwazazzabai, ta kai manoma su ga gonakin juna. Mu na Kwatano kuma, tassa aikin rani ce, daidai lokacin da majiya ƙarfi ke nan bakin teku suna neman kuɗi. Wanda ya bar gona ba hannu, ya biya lada a haƙa masa. Amalanke ɗaya da jaki na kai taki gonar gida shekaru. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari da ke tara kuɗin kai gawa gida za su iya tara na jeren duwatsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma tarihi ya nuna ya san yadda ake toshewa. A daina kiransa jahili, a sakar masa hannu, mu kuma mu sa namu.