Wasiƙa ga Masu Gyaran Kwamfuta: Kafin Ku Ƙara RAM



Na rubuto muku ne a kan aikin da ya fi kowanne sauƙi a teburinku, wato ƙara wa kwamfutar tafi-da-gidanka RAM. Minti goma sun isa a gama shi, kuma sauƙin nan ne yake sa wasunmu sakaci. Ɗalibi ya zo da kwamfutarsa ya ce tana nauyi, tun bai rufe baki ba an ce masa RAM ce ta yi kaɗan, an faɗi kuɗi, an ɗauko sukudireba. Ina roƙonku, ku duba kafin ku sayar.

Ku kunna na'urar, ku sa mai ita ya buɗe abubuwan da yake aiki da su kullum, sannan ku leƙa Task Manager. In RAM ce ta cika, za ta nuna. Amma sau da yawa za ku tarar tana da sauran wuri, faifan ajiya ne yake tsaye cak a kashi 100. Irin wannan na'ura, ko kun ninka mata RAM, ba za ta daina jan ƙafa ba sai an cire tsohon faifan mai juyawa an sa SSD. Wata kuma zafi ne ke damunta, ƙura ta toshe fanka. Mutumin da ya tara kuɗinsa da ƙyar ya koma gida ya ga jiya i yau, ya yi asara, ku kuma kun ci haƙƙinsa ko da ba da gangan ba. In kuna neman yadda za ku fahimtar da shi, ku ce RAM teburin tela ce, faifai kuwa kabad ɗin yadi: faɗin tebur ba ya amfani in kabad ɗin ba ya buɗuwa da wuri.

To, an tabbatar RAM ɗin ce. Saura sanin wace iri, kuma a nan ne na fi son mu daɗe. DDR3 ta kwamfutar hannu haƙora 204 gare ta, DDR4 tana da 260, DDR5 kuma 262, kuma kowacce da inda aka yi mata tsaga, don haka wata ba ta shiga gurbin wata. Wanda ya danna da ƙarfi gurbin zai karya. Tarkon yana tsakanin DDR3 da DDR3L, domin su kam siffarsu ɗaya, tsagarsu ɗaya, wutar da suke sha ce ta bambanta: ta farko 1.5V, ta biyu 1.35V. Kwamfutocin hannu masu Intel zubi na huɗu da na biyar DDR3L suke buƙata. HP EliteBook 840 G1 da G2, waɗanda suka cika kasuwannin gwanjo daga Ikeja har Kano, suna cikinsu, alhali G3 ta koma DDR4. In kun sa wa G1 tsohuwar DDR3, za ta zauna daram a gurbi, allon kuwa ya ƙi kawowa. Karanta takardar da ke jikin RAM ɗin kawai ya isa: PC3 daban, PC3L daban. Ku koya wa yaran shagonku wannan harafi guda tun ranar da suka fara riƙe sukudireba.

Akwai kuma na'urorin da babu abin da za a ƙara musu. MacBook Air, da MacBook Pro mai allon Retina tun daga 2012, RAM ɗinsu a manne take da dalma. Waɗanda Apple ya fitar da M1 daga 2020 ma haka, da siraran kwamfutoci da yawa na wasu kamfanoni. ThinkPad T480 gurbi biyu gare ta, amma T480s ɗaya ne, sauran a manne. Ku faɗa wa mai ita gaskiya tun kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. Haka nan in Windows ɗin mai bit 32 ce, ba za ta yi aiki da abin da ya haura 4GB ba, sai an sake ɗora mai 64.

Wajen sawa, kun fi ni sani, sai dai tuni. A cire caja, a cire batir, in na ciki ne a zare wayarsa daga bod. Lokacin hunturu iska ta bushe, jiki yana tara lantarki, irin wanda kan tsikare ka in ka taɓa ƙofar mota. Shi ma yana iya lalata RAM, don haka a taɓa ƙarfe tukuna, a riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran. A zura ta a karkace, a kwantar har maƙallan biyu su kama. In za a haɗa biyu, gara masu girma ɗaya da gudu ɗaya, domin mai sauri kan sauko ta bi gudun ta baya.

Kada ku miƙa na'ura don kawai allo ya kawo. RAM ta gwanjo tana iya tashi lafiya, bayan kwana biyu ta riƙa jefo shuɗin allo mutum yana tsakiyar rubuta kundin digirinsa. Ku gwada ta da MemTest86, ko aƙalla da ma'aunin da ke cikin Windows, ku nuna wa mai ita adadin da na'urar ta karanta da idonsa. Wadda kuka cire kuwa tasa ce. Ku ba shi abarsa, in kuna so ku saya, ku yi ciniki a fili.

Yanzu matasa da dama suna son yin aikin da hannunsu, su zo wurinku sayen RAM kawai. Kada ku ɓoye musu sani. Ku tambayi lambar na'urar, ku zaɓa musu wadda ta dace, ku ja musu kunne a kan batir. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu neman ƙarin RAM za su ƙaru, domin Windows 11 ta gindaya 4GB a matsayin mafi ƙanƙanta, kuma duk wanda ya gwada ya san sai da 8GB ake samun sakewa. Sai dai ku gaya musu RAM kaɗai ba ta wadatar ba: Windows 11 tana neman TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas ta fara karɓa. Mai EliteBook G1 zuwa G3 ya san da haka kafin ya ciro kuɗinsa.

Allah Ya yi wa sana'a albarka. Wassalam.