Kada A Sayar Da Tsohon Keke Wa 'Yan Gwangwan

A ƙauyuka da yawa akwai tsohon keke jingine a bayan rumbu ko rataye a zaure, taya ta mutu, sarƙa ta yi tsatsa, kaji na kwana a kansa. Ran da 'yan gwangwan suka zo da sikelinsu sai a miƙa musu shi, su auna da kilo, su ba da abin da bai kai kuɗin tiya kaɗan na masara ba. Wannan ciniki hasara ne, tun ba yanzu ba da man fetur ya yi tsada, watau tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023.

Ba a ce keke ya kai babur sauri ko ɗaukar kaya ba. Amma manomin da gonarsa ba ta wuce mil biyu ko uku daga gida ba, in ya lissafa abin da babur ke sha kullum tun daga shuka har girbi, zai ga wani kashi na amfanin gonarsa gidan mai ya tafi. Dokin ƙarfe kuwa ba ya cin dusa, ba ya shan mai. Ya kai buhun taki gona, ya kai kwandon tumatir bakin titi, ya kai yaro asibiti da dare.

Kekunan nan na dā, irin su Raleigh da Hercules da Phillips da Rudge, daga Ingila aka fara kawo su, daga baya har kamfanin Raleigh ya kafa ma'aikata a Kano. Jikinsu ƙarfe ne mai kauri, wanda in ya lanƙwashe a kan miƙe shi. Tsatsar da ke bisa ba kome ba ce, kananzir da samfefa sun ishe ta. Abin dubawa shi ne tsaguwa, musamman a wuya da wurin da ƙafafun gaba suka haɗu. In akwai ta a can, kada a hau, domin karyewar wuya a kan gangara da kaya a baya ba ƙaramin hatsari ba ne.

Inda wahala ta ke shi ne wajen kayan gyara. A shekarar 2002 aka daina haɗa keke a ma'aikatar Raleigh ta Nottingham, saboda haka wanda ya ce zai jira sabon kaya na asali, zai daɗe yana jira. Sa'ar da aka yi ita ce, kekunan Indiya da na Sin, kamar su Hero da Phoenix, a kan fasalin na Ingila aka ƙera su. Taya da tif da sirdi da sarƙa da robar birki da ƙararrawa, yawancinsu su kan hau tsohon keke ba gardama.

Amma fa ba duka ba, a nan ne kuwa a ke ɓata kekuna masu kyau. Raleigh ɗin da aka ƙera a Nottingham yana da nasa zaren ƙusa dabam, watau abin da masu gyara ke kira tiredi. A gidan boris na tsakiya, inda feda ke juyawa, da kuma a wuya, zare 26 ne cikin inci guda, na sauran kekuna kuwa 24. A ido kamar ɗaya su ke. Sabon zai shiga zagaye biyu ko uku sa'an nan ya cije, mai gyara mai gaggawa kuwa sai ya kama sifana ya danna da ƙarfin tsiya. Shi ke nan, zaren jikin keke ya cinye, abin da ya shekara hamsin lafiya ya lalace cikin minti guda. Dabara ita ce a bar tsofaffin kofunan a wanke su da kananzir. In cikinsu bai rarake ba, 'ya'yan boris kaɗai za a sake, a cika da giris. Haka kuma fedar hagu, ita a juye a ke kwance ta, wanda bai sani ba ya yi ta ɗaurewa yana tsammani tsatsa ce ta riƙe.

Taya ma tana da nata ruɗi. Iri biyu ne a ke kira inci 28. Ta tsohon keke mai birkin sanda an rubuta 28 x 1½ a gefenta, sau da yawa da lamba 635. Ɗayar lambarta 622, ta fi ƙanƙanta kaɗan, ba kuwa za ta hau ba ko an kwana ana fama. Wilin baya na kekunan Ingila na dā wayoyi 40 gare shi, na gaba 32, saboda haka a ƙirga ramuka kafin a biya kuɗi. Mai zuwa kasuwa, ko Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ya sa tsohon abin a aljihu ya gwada da sabon a gaban mai shago. Bayani da baki ba ya isa.

Kayan asali kuwa, babbar ma'ajiyarsu ita ce matattun kekunan nan da a ke aunawa da kilo. Wanda wuyansa ya karye, kofunansa da birkinsa da kariyarsa suna nan da ransu. Keke uku matattu su kan ta da biyu. Ya kamata ƙungiyar manoma ta kowane gari, ko mai faci na bakin kasuwa, su riƙa saye kafin mai sikeli ya iso, ko da za su ɗora masa kaɗan a kan abin da zai biya. 'Yan kasuwa ma su lura, akwai abin nema a nan.

Waɗansu kan fara da fenti da ado, su manna madubi biyu da fure a gaba, alhali birki ba ya kamawa. A fara da boris da birki da taya, fenti ya jira in kuɗi ya ragu. Lokacin aikin kuwa shi ne bayan kaka, sa'ad da akwai ɗan abin hannu, mai gyara kuma bai cika da jama'a ba. Wanda ya bari sai ruwan farko ya sauka, zai tarar da layi a gindin bishiyar mai faci, ga iri a buhu yana jiran a kai shi gona.