Wasiƙar ban tsoro cikin waya: kada ka biya



Wani ɗalibina na ajin yaƙi da jahilci ya sayar da raguna a kasuwar Mirriya. Ba a jima ba, wasiƙar imel ta shigo wayarsa da Faransanci. Ya kawo mini da dare, jikinsa na rawa. Mai wasiƙar ya ce ya shiga wayar, ya ɗauki hotunansa na kunya. In bai aika jikka 50 cikin kwana biyu ba, zai watsa su ga dangi. Har ya rubuta wata tsohuwar lambar sirrinsa.

Na tambaye shi: "Ya nuna maka hoton?" Ya ce a'a. Na ce: "To, kada ka biya ko dala."

Wannan zamba ta bazu a duniya a 2018. Ɓarayi kan sace jerin sunaye da lambobin sirri cikin intanet, su sayar. Masu saye su aika wasiƙa iri ɗaya ga dubban mutane. Ba su san ka ba. Wanda ya biya sau ɗaya, za su komo masa.

Alamunta uku: barazana, gaggawa, da "kada ka faɗa wa kowa".

Ga abin yi:

1. Kada ka amsa. Kada ka danna shuɗin rubutun da ke ciki.

2. Canja lambar sirrinka. Ban da 1234, ban da shekarar haihuwa. Kowace ƙofa da makullinta: ta kuɗi dabam, ta Facebook dabam.

3. Lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa, da lambar kuɗinka na waya, kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

4. Kulle wayarka kafin ka ba mai caji a kasuwa.

5. Kada ka goge wasiƙar. Kai ta wurin 'yan sanda ko jandarma. Tun ran 3 ga Yuli 2019 Nijar ke da dokar hukunta laifin intanet.

Ɗalibina bai biya ba. Yau wata biyu ke nan, shiru kake ji. Da ya ɓoye don kunya, da kuɗin ragunansa sun tafi.

Wanda ya samu irin wannan wasiƙa, ya kawo ta aji mu karanta tare. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Malamin yaƙi da jahilci, Damagaram